Iyaye a Gida, Haraji a Amurka: Yaushe Doka ke Yarda Kana Ɗauke da Nauyinsu?

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da mazauna Amurka ke cike takardun haraji, akwai tambayar da ba ta fashi a tsakanin 'yan uwanmu na Bronx da Houston da Greensboro: "Ni nake ciyar da Hajiya, ni nake biyan kuɗin asibitin Baba, wata bai taɓa ƙarewa ban tura ba. To me zai hana in saka sunansu a takardata a rage mini haraji?" Mai tambayar yana da hujja. Yana ganin abokin aikinsa Ba'amurke ya saka mahaifiyarsa da ke wata jiha an rage masa, alhali hidimar da shi yake yi wa nasa iyayen ta ninka ta wancan.

Amsar ba ta da daɗi, gara a faɗe ta tun farko. Idan iyayenka suna zaune a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ba su da takardar zama a Amurka, ba su kuma yi doguwar zama a can cikin shekarar ba, ba za ka iya saka su ba, ko da kai ke sayen kowace ƙwayar shinkafar da ake dafawa a gidan. Sashe na 152 na kundin dokar harajin Amurka ya gindaya sharaɗin da ke gaban sauran sharuɗɗa: wanda za a lissafa a ƙarƙashinka dole ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko wanda dokar haraji ke ɗauka mazaunin Amurka, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Daga nan ƙofa ta rufe. Hukumar haraji ta IRS ba ta ma kai ga duba rasit ɗin kuɗin da ka tura ba, domin tambayarta ta farko ita ce ina mahaifin yake zaune.

A ganina wannan ƙa'ida ta tauye baƙi masu biyan haraji. Direban tasi biyu, kuɗin shigarsu ɗaya, kowa na ciyar da uwarsa. Na farko tasa tana garin Tijuwana a Meziko, na biyu tasa tana Zinder. Doka ta san da zaman uwar na farko, ta kau da kai daga ta biyun. Ana iya cewa hukuma ba ta da hanyar tantance abin da ke faruwa a ƙasashe masu nisa, amma wasu ƙasashen sun samo hanya. Jamus tana barin mai biyan haraji ya cire kuɗin da ya tallafa wa iyayensa mabuƙata da ke ƙetare, in ya kawo shaida, tana daidaita adadin da tsadar rayuwar ƙasar da suke. Faransa ma tana da irin wannan ragi ga mai ciyar da iyaye, shi ya sa ɗan Nijar da ya saba jin labarin 'yan uwansa na Faris yakan yi mamaki in aka ce masa a Amurka babu. Amma rashin adalcin doka bai mayar da ita ba doka ba, kuma wanda ya taka ta shi zai ji a jikinsa.

Inda zancen ke da zurfi shi ne ma'anar mazaunin Amurka, domin dokar haraji da dokar shige da fice ba sa auna shi da mudu ɗaya. A wajen haraji hanyoyi biyu ne.

Ta farko katin zama na dindindin, wanda kowa ya sani da girin kad. Ɗan ƙasar Amurka da ya kai shekara 21 yana iya nema wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta hanyar fom I-130. Mai girin kad kawai ba shi da wannan dama sai ya zama ɗan ƙasa. Da zarar mahaifiya ta shiga Amurka da wannan izini, ta zama mazauniya a idon haraji, kuma tana nan a haka har sai ta ajiye katin a hukumance ko hukuma ta karɓe shi. Ma'ana, ko da ta koma Katsina ta yi watanni, sunanta na iya shiga takardarka in sauran sharuɗɗa sun cika. Sai dai doguwar zama a waje tana jefa katin kansa cikin haɗari: wata shida a waje yakan jawo tambayoyi a filin jirgi, shekara guda ba tare da izinin sake shiga ba kuwa ana iya ɗauka ta yi watsi da zaman. Wani ruɗanin da ake yawan yi shi ne na fom I-864, takardar da kake sa wa hannu ka yi alƙawarin ɗaukar nauyinta. Wannan alƙawari ne tsakaninka da hukumar shige da fice. Bai isa shaida a wajen IRS ba.

Hanya ta biyu lissafin kwanaki ce, kuma ita ta fi shafar iyayen da ke zuwa ziyara, su ga jikoki, su taya mai jego zama. Ana buƙatar mutum ya yi aƙalla kwana 31 a Amurka cikin shekarar da ake magana, sannan jimillar kwanakinsa ta kai 183 bisa wani lissafi na shekara uku: a ƙirga duk kwanakin bana, a ƙara kashi ɗaya cikin uku na kwanakin bara, a ƙara kashi ɗaya cikin shida na bara waccan. A ɗauka Hajiya tana zuwa duk shekara ta yi kwana 120. Na bana 120, na bara ya zama 40, na bara waccan 20. Jimilla 180. Ta gaza da kwana uku, ba mazauniya ba ce. Da kwana 122 take yi kowace shekara, da ta kai 183 cif. Idan kuma zuwanta na farko ne, sai ta cika kwana 183 a cikin shekarar kalanda ɗaya. Wadda ta sauka a Oktoba ta tashi a Maris ta yi kusan wata shida, amma kwanakin sun rabu gida biyu, na bara kuma sulusinsu kawai ake ɗauka, don haka ba ta kai ba.

Nan ne nake roƙon mutane su yi hattara. Mai bizar ziyara galibi wata shida ake buga masa a filin jirgi, kuma wa'adin da aka buga shi ne abin bi. Dokar haraji tana ƙirga kwanaki ba ruwanta da ko izinin zama ya ƙare, amma dokar shige da fice ruwanta ne ƙwarai. Wuce wa'adi yana kashe bizar da aka shigo da ita. Wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, an hana shi dawowa shekara 3. In ya kai shekara, an hana shi shekara 10. Ana iya neman ƙarin wa'adi da fom I-539 kafin na farko ya ƙare, amma a nema saboda dalili na gaske. Riƙe tsohuwa ta ƙara mako biyu don lissafin haraji ya cika, a daidai lokacin da bizar 'yan Najeriya ta ƙara wuya (a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar ziyara ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku), ciniki ne da asararsa ta fi ribarsa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Ranar da mahaifinka ya zama mazaunin Amurka a idon haraji, daga ranar Amurka na da ido a kan duk kuɗin shigarsa na duniya: fanshonsa na Najeriya, hayar shagunansa a Sabon Gari, ribar gonarsa. Idan kuɗin ya kai mizanin da ake cike takarda, wajibi ne ya cike tasa. Idan jimillar abin da ke cikin asusunsa na bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da rana ɗaya ce a shekara, sai ya kai rahoton asusun ga ma'aikatar kuɗin Amurka. Kuma babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Najeriya, ko Nijar, ko Gana, da zai fake da ita. Dattijon da yake da abin hannunsa, jawo shi cikin wannan tsari don ɗan ragi na iya zama jawo masa ɗawainiyar da bai nema ba.

To a ce an wuce wannan shinge, mahaifiya mazauniya ce. Saura sharuɗɗa huɗu, kuma biyu daga ciki ba su da wahala. Dangantaka: uwa, uba, kaka, matar uba, mijin uwa, surukai, har gwaggo da kawu da baffa da inna na jini, duk ba sai suna zaune gida ɗaya da kai ba. Wadda ta riƙe ka tun kana yaro amma ba ta cikin waɗannan, ko da a zuciyarka ita ce uwa, sai ta zauna a gidanka shekara cur kafin a lissafa ta. Sai batun takardar haɗin gwiwa: idan iyayen biyu sun cike takardar haraji tare a matsayin ma'aurata, ba za ka saka su ba, sai in sun cike ne kawai don karɓo kuɗin da aka cire musu.

Na uku shi ne kuɗin shigar shi mahaifin. Dole ya gaza wani adadi da ake sabuntawa duk shekara: dala 4,700 a 2023, dala 5,050 a 2024, dala 5,200 a 2025. Ana nufin kuɗin da ya shigo kafin a cire ɗawainiya. Mai gidan haya, hayar da ya karɓa gaba ɗaya ake ƙirgawa, ba a cire kuɗin gyaran rufi ko na fenti. Kuɗin da kai ka ba shi kyauta ba ya cikin lissafin, haka ma kason kuɗin tsufa na gwamnatin Amurka da ba a yi wa haraji. Mahaifiyar da ta zo ta kama ɗan aikin raino ko girki ana biyanta dala 150 a mako, a shekara ta tara 7,800, ta wuce iyaka.

Na huɗu, kuma wanda ya fi jawo gardama a gidajenmu, shi ne ciyarwa. Sai ka ɗauki fiye da rabin duk abin da aka kashe a kan rayuwarta a shekarar: abinci, sutura, magani, sufuri, da wurin kwana. Wurin kwana ana ƙiyasta shi da abin da baƙo zai biya in haya ya kama, don haka ɗakin da ka ware mata a gidanka yana da nauyi sosai a lissafin. Abin da ta kashe wa kanta daga aljihunta yana ɓangarenta. Abin da ta adana ba ta taɓa ba, ba a ƙirga shi. Matsalar ita ce mu ba mu saba mutum ɗaya ya ɗauki uwa shi kaɗai ba. Yaya ya biya inshorar lafiya, ƙanwa ta ɗauki cefane, auta ya sayi tikitin jirgi. A ce an kashe dala 15,000 a shekara: babba ya ba da 6,000, mai bi masa 5,000, ƙanwarsu 4,000. Babu wanda ya haura rabi, amma a haɗe su suka ɗauki komai. Doka ta tanadi mafita: duk wanda ya ba da fiye da kashi 10 cikin 100 yana iya saka ta, muddin sauran sun rubuta sun sa hannu cewa sun bar masa na wannan shekarar, shi kuma ya haɗa fom 2120 da takardarsa. Ana iya yin karɓa-karɓa, bana wannan, baɗi wancan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum biyu su saka uwa ɗaya a shekara ɗaya. Kwamfutar IRS tana ganin lambar ta maimaitu nan take.

Lambar kuwa dole ce. Mai girin kad yana samun lambar tsaron zamantakewa, SSN. Wanda ya zama mazauni ta lissafin kwanaki kuma bai cancanci SSN ba, sai a nema masa lambar biyan haraji ta ITIN da fom W-7, a haɗa da takardar harajin da fasfo na asali ko kwafin da hukumar da ta ba da shi ta tabbatar. Wanda ba ya son fasfon mahaifiyarsa ya yi makonni a gidan waya yana iya zuwa wurin wakilan da IRS ta amince su tantance takardu. Lambar ITIN takan mutu in an yi shekara uku a jere ba a yi amfani da ita ba.

Bayan duk wannan wahala, nawa ake samu? A nan mutane da yawa suke riƙe da tsohon labari. Kafin 2018, kowane mutum da ka saka yana rage dala 4,050 daga kuɗin shigar da za a yi maka haraji a kai. Dokar haraji ta Disambar 2017 ta dakatar da wannan, ta kawo ragin dala 500 kai tsaye daga harajin da ake bin ka a kan kowane mutum da ba ƙaramin yaro ba. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da tsarin na dindindin. Wannan 500 ba a mayar maka da ita a hannu in harajinka bai kai haka ba, kuma tana fara raguwa in kuɗin shigarka ya wuce dala 200,000, ko 400,000 ga ma'aurata masu takarda ɗaya. Ita kam ko iyayen da ke Kanada da Meziko ba sa samar da ita, sai ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka.

Inda kuɗin yake da ɗan kauri shi ne matsayin shugaban gida. Mutumin da ba shi da aure, yake biyan fiye da rabin kuɗin tafiyar da gidan da mahaifiyarsa ke zaune, kuma ya cancanci saka ta, yana iya cike takarda da wannan matsayi ko da ba gida ɗaya suke ba. A 2025 ragin bai-ɗaya, wato adadin da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a yanka haraji, na gwauro dala 15,750 ne, na shugaban gida 23,625. Bambancin 7,875 ne. Ga wanda ake yi wa haraji kashi 22 cikin 100, wannan ya haura dala 1,700, ban da sassaucin da matakan harajin wannan matsayi ke da shi. Wani abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye: magidancin da matarsa ke gida Najeriya ko Nijar, ba mazauniyar Amurka ba ce kuma bai zaɓi a ɗauke ta mazauniya ba, ana kallonsa kamar marar aure a wannan babi. Matar ba za ta ba shi matsayin ba, amma mahaifiyar da ta cika sharuɗɗa za ta iya. Wanda ya samu damar saka uwa ta yarjejeniyar fom 2120 kuwa ba ya samun wannan matsayi da ita.

Kuɗin asibiti ma yana da babinsa. Wanda ya zaɓi jera ɗawainiyarsa ɗaya bayan ɗaya maimakon karɓar ragin bai-ɗaya yana iya cire abin da ya haura kashi 7.5 cikin 100 na kuɗin shigarsa, har da na mahaifin da ya wuce iyakar kuɗin shigar da aka ambata. Amma sharaɗin wurin zama yana nan daram. Dala 8,000 da ka biya aka yi wa Baba tiyata a Alƙahira ko Indiya, shi kuma mazaunin Kaduna ne, ba ta shiga. Jihohi kuma kowace da nata: Niyok, alal misali, tana rage dala 1,000 a kan kowane mutum da ka saka, amma sai wanda ya wuce gwajin gwamnatin tarayya.

To kuɗin da ake turawa gida fa, wane suna doka ta ba shi? Kyauta. Ba a rage maka haraji saboda shi, ko da zakka ce ko sadaka ka yi niyya, domin ragin sadaka na ƙungiyoyin da Amurka ta yi wa rajista ne, ba na mutum ɗaya ba. Ba a kuma ɗora maka ƙarin haraji, sai dai in abin da ka ba mutum ɗaya ya haura dala 19,000 a 2025, ka cike fom 709 don sanarwa; biyan harajin kyauta kansa sai wanda ya bayar da miliyoyin daloli a rayuwarsa. Kuɗin da ka biya asibiti kai tsaye ba ya ma shiga wannan lissafi. Sabon abin da ya shigo shi ne harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da ake turawa waje, daga 1 ga Janairun 2026. Ya shafi wanda ya kai tsabar kuɗi ko makamancinsu shagon tura kuɗi. Wanda ya tura daga asusun banki ko da katin bankin Amurka bai shafe shi ba. Mai tura dala 500 a hannu zai ƙara dala 5, kuma abin takaici ne cewa nauyin ya fi faɗa wa ma'aikatan da ba su da asusun banki.

Abin da ya fi damuna a wannan sha'ani shi ne masu cike wa mutane takarda a bayan shago, waɗanda ke cewa "kawo sunan Hajiya kawai, kowa haka yake yi." Alamarsu a fili take: suna yanka ladansu daga yawan kuɗin da za a mayar maka, kuma ba sa sa sunansu da lambar rajistarsu ta IRS, wato PTIN, a ƙasan takardar, alhali doka ta wajabta wa duk mai cikewa don kuɗi ya sa. Kai ka sa hannu bisa rantsuwa, kai za a nema. Idan aka gano, za ka mayar da kuɗin da ruwansa, ana iya ƙara tarar kashi 20 cikin 100, ko kashi 75 in an tabbatar da zamba ce da gangan. Ana iya hana ka wannan ragi shekara 2 saboda ganganci, shekara 10 saboda zamba. Ga mai shirin neman zama ɗan ƙasa abin ya fi haka nauyi, domin jami'in da zai yi masa tambayoyi yana iya neman takardun harajinsa na shekarun baya, ya ga an rubuta cewa uwa ta zauna a Bronx wata goma sha biyu, fasfonta kuma bai taɓa ganin hatimin Amurka ba. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son taimako na gaskiya yana iya zuwa cibiyoyin VITA, inda masu sa kai da IRS ta horar ke cike takarda kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa.

Wanda ya riga ya saka iyayensa a shekarun baya bisa rashin sani yana da hanyar gyara: fom 1040-X, a cire sunan, a biya bambancin, kuma yin hakan kafin wasiƙar IRS ta iso yakan sauƙaƙa tara. Fom ɗin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Wanda mahaifiyarsa mai girin kad ta zauna a gidansa, ya ciyar da ita, bai san yana da haƙƙin saka ta ba, yana da shekara uku daga ranar da ya miƙa takardar asali ya gyara ya karɓi kuɗinsa. Abin da zai tanada shi ne kwafin katinta, takardar hayar gida, rasit ɗin asibiti da na inshora, da bayanan banki da ke nuna daga aljihun wa kuɗin ya fita.